Ƙwayoyin da Na Aika Mai'adua

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Waɗanda suka dame ni da tambayar ko an sa rana, ku yi haƙuri, ba a sa ba. Waɗanda kuma yau suka fara leƙowa, sunana Fadila, a Daura aka haife ni, a nan nake gaban iyayena. Abin da zan ba ku yau ban fito a cikinsa da kyan gani ba. Mai zagi ya zaga, amma ya bari in kai ƙarshe tukuna.

Wata yarinya ce ta hana ni sakat, sunanta Siddiƙa. 'Yar kawun Ikrima ce, wato saurayin da zan aura in Allah Ya yarda. Gidansu katanga ɗaya ce ta raba shi da na su Ikrima a Mai'adua, kuma Hajiya Yelwa, mahaifiyarsa, ita ta yaye ta. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, ba ta shafa komai sai kwalli, hijabinta har ƙasa, in tana magana sai ka matso kafin ka ji. Ba ta taɓa yi min komai ba, kuma wannan ɗin ne ya fi ƙona min rai. Da fitsararriya ce da na san ta inda zan kama ta. To me za ka yi wa mutumin da in ya gan ka sai ya rusuna ya ce, "Anti Fadila, ina wuni?"

Shi Ikrima wake da riɗi yake saye, ya haye iyaka ta Kongolam, ya dawo da dabino. Tun bara yake zuwa wurina. Manya sun gaisa, sa rana kawai ta rage, amma kullum aka taɓo maganar sai Hajiya Yelwa ta ce a bari a sauke amfanin gona. An sauke gero, an sauke dawa, har gyaɗa an roro, shiru. Ba sai an faɗa min ba, na san wadda zuciyarta take so ta ga an kawo mata gidan.

Yanzu bari in faɗa muku abin da a lokacin ko Ikrima bai sani ba.

Abin da danginsa suka sani shi ne na yi ciwon sanyi, gwiwoyina da idon sawuna suka kumbura, na yi ɗingishi na wani lokaci, na warke. Gaskiya ne, amma rabinta. Kafin gwiwa, ciki ne ya fara. Murɗa, sai gudawa da jini da majina, in shiga banɗaki in fito in sake komawa, har na zo ina jin kunyar ƙarar buta. Babu jiƙon basir da Umma ba ta ɗura min ba. Da na rame na zama kamar sillen kara, Baba ya ɗauke ni zuwa babban asibiti a Katsina. Aka leƙa hanjin da na'ura, likita ta ce shi ne yake kumbura yana yin gyambo, kuma shi ɗin ne yake taɓa gaɓoɓin. Ta ce ba irin ciwon da ake sallama da shi ba ne, lallaɓa shi ake yi.

Ta ɗora ni a kan wata ƙwaya mai ruwan ɗorawa, salfasalazin. Kafin ta rubuta sai da ta yi min tambayoyi kamar a gaban alƙali, aka ɗebi jinina, kuma har yau ana ɗiba lokaci zuwa lokaci don a ga ko maganin bai taɓa jinin ko hanta ba. Da kaɗan aka fara, ana ƙarawa. Sai na ci abinci nake sha, in bi da ruwa mai yawa. Ta haɗa min da wata ƙaramar ƙwaya ta ƙarin jini. Ta gaya min fitsarina zai koma rawaya sosai, kada in tsorata, amma in na ga ƙuraje, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, in tsaya da sha in taho nan take. Ta hana ni ƙwayoyin ciwon jikin da ake haɗawa a leda a kemis, ta ce su suke tayar da hanjin. Ta kuma kalle ni ta saman tabarau ta ce kada in kuskura in ba wani, ko da uwata ce. Sai da na yi makonni kafin na fara jin sauƙi, har na fara cewa ba ya aiki. Yau kuwa in kun gan ni ba za ku ce na taɓa kwanciya ba.

Umma ce ta yanke hukunci tun a mota muna dawowa. Ta ce ciwon gwiwa ana faɗa, na banɗaki ba a faɗa wa surukai. Shi ya sa duk sanda Ikrima ya kawo min kilishi jajir da yaji sai in yi murmushi in ce sai na shiga ciki zan ci. Ƙannena sun yi ƙiba da soyayyata.

To, sai aka yi suna a Sandamu, gidan wata da muke dangi da ita ta wajen Umma, su kuma su Ikrima ta wajen mijinta. Na san Hajiya Yelwa za ta zo, don haka ban yi wa kwalliyar da wasa ba. Leshi ruwan toka, ɗinkin doguwar riga, mayafi ruwan hoda, da takalmi mai tsini wanda bara ko a mafarki ba zan iya takawa da shi ba. Ina shiga na hango ta a kan kujerar roba, ita kaɗai, sauran mata duk suna kan tabarma. Ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun yi suntum. Siddiƙa na zaune a ƙasa kusa da ita, riƙe da jakarta.

Na gaishe ta, na shiga hidima. Na ɗauko kular shinkafa daga madafa, na dire, na koma na ɗauko ta miya. Ina sane nake ƙwanƙwasa takalmin a siminti, ƙarya ba ta da amfani. Ashe Hajiya Yelwa tana kallona. Ta tambayi Umma ko wannan ba ita ce bara take jan ƙafa ba, Umma kuwa baki har kunne ta ce ai wani magani aka ba ni a Katsina, kamar yankan wuƙa. Sai ga aike wai Hajiya na kira.

Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "'Yar nan, maganin nan naki ki ɗan sam min in gwada. Sallah ma a zaune nake yi."

Ku da kuke nan ƙasar kun san yadda magani yake a wurinmu. Kamar gishiri ne ko ashana, maƙwabciya tana aikowa a sam mata. Umma ma tana da gwangwanin alewa cike da ragowar ƙwayoyi, duk wanda ya ce kansa ko bayansa sai ta zaɓo masa mai kalar da ta yi mata. Balle a ce uwar wanda za ka aura ce ta buɗe baki ta roƙa, a gaban mutane. Amsa ɗaya ce, "to".

Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ta ce kada in ba kowa. Sai an auna jinin mutum tukuna. Da dai a kai ki a duba."

Wata tsohuwa ta ajiye cokalinta. Hajiya Yelwa ta dube ni tun daga ɗauri har takalmi, ta ce, "To, Allah Ya bar miki abinki." Siddiƙa kuwa matsowa kawai ta yi, ta zare wa Hajiya silifas, ta ɗora ƙafar a cinyarta ta fara matsawa a hankali. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A mota na sha faɗa. Umma ta ce na tsinka ta a bainar jama'a. Anti Haulatu, ƙanwarta, wadda bakinta ba ya da birki, ta ce ko guba aka roƙe ni ai sai in ce to, daga baya a san dabarar yi. Ta ce yanzu za a ce 'yar Daura marowaciya ce, tun ba ta shigo ba ta hana uwar miji ƙwaya, in ta shigo kuma tuwo za ta hana ta. Na ce likita ce ta hana. Ta ce to likitar ta zo ta aure ni.

Kafin magariba saƙon Ikrima ya shigo.

"Hajiya ta ce ta roƙe ki magani kin hana ta. Na ce mata ba halinki ba ne."

Na rubuta masa dogon bayani, na goge. In na fara bayani, ina zan tsaya? Me ya sa ake auna jinina, me ya sa nake komawa Katsina, wane irin sanyi ne wannan da ba ya ƙarewa? Na tura masa, "Za mu yi magana." Ya turo "To" tsura, babu ko ɗan furen da ya saba liƙawa.

Washegari na buɗe WhatsApp na ga ya ɗora hoto. Hannaye biyu ne da jan lalle, suna murza gwiwar Hajiya da man zafi. A ƙasa ya rubuta, "Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka." Ban san sau nawa na buɗe hoton ba. Sai da na fara kashe alamar da ke nuna na gani, don kada ya san ina safa da marwa. Na ja hoton na ƙara masa girma. Ga zoben azurfa a yatsanta, ga farantin dabino a gefe, ga kuma hularsa a hannun kujera. Wato ya cire hula ke nan, ya baje, ana hira. A wurina kuwa ko sau ɗaya bai taɓa cire hula ba.

Na ji kishi, irin wanda yake sa yawun bakinka ya yi ɗaci. Abin haushi, ko yajin cin abinci ba ni da ikon yi kamar sauran 'yan mata. Kishi ko ba kishi, dole na zauna na tura tuwo ina hawaye, saboda ƙwayar ba ta son cikin da babu komai.

Haka aka yi ta yi. Yau Siddiƙa ta dafa wa Hajiya ruwan gashi, gobe ta raka ta gaisuwa, jibi ta yi mata kitso. Ba ita take ɗorawa ba, ƙannensa ne, ni kuma ina bin su ɗaya bayan ɗaya kamar an ba ni aikin. Kiran Ikrima ya ragu. In ya kira ma sai sunanta ya faɗo, Siddiƙa ta ce kaza, Siddiƙa ta kawo kaza. A gida kuma Umma ta daina yi min faɗa, ta koma ajiyar zuciya duk sanda na gifta, wanda ya fi faɗan ciwo.

Ranar kasuwar Mai'adua da safe na ji Anti Haulatu tana cewa za ta je sayen atamfa. Na shiga ɗaki na jawo durowa. Na tsaya ina kallon kwalin. Na san abin da likita ta ce, ban manta ko kalma ɗaya ba. Amma na ce a raina, ni da nake sha kullum me ya same ni? Tsohuwa ta sha na kwana biyu, ta ga dai na ba ta, shi ke nan. Ni kuma in rage nawa, in riƙa tsallake na rana har ranar komawa asibiti ta zo, duk da tsallakewar ma an hana ni. Na zaro katin ƙwayar guda biyu, na bar kwalin da takardar cikinsa don kada wani ya karanta. Na naɗe su a sabon hankici, na haɗa da kwalbar humra da dambun naman da Umma ta yi. Na ce wa Anti ta gaishe min da Hajiya, ta ce ta sha bayan ta ci abinci, ta kuma sha ruwa sosai. Na faɗi wannan ɗin ne don in ji kamar na yi abin bisa ƙa'ida.

Anti ta ce yanzu na yi hankali. Umma ta sa min albarka. Na yi wanka ina 'yar waƙa, ina hango fuskar Siddiƙa in ta ga Hajiya ta miƙe tana sallah a tsaye da maganina, ita kuma ta tattara man zafinta.

Bayan la'asar Ikrima ya zo. A zaure muke zama, ƙofa a buɗe, don Baba ya ce ba zai lamunci zaman mota ba, kada wata rana 'yan Hisba su ƙwanƙwasa masa gilashi a ƙofar gidansa. Ya sa shadda ruwan ƙasa, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, ga ledar kilishi kamar kullum. Ni kuma atamfa ce kore da ɗaurin da na ɓata lokaci a kansa. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa sama-sama, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ban bari ya fara ba.

Na ce, "Na aika wa Hajiya maganin ɗazu."

Nan take ya saki fuska. Ya ce shi dama ya san zan yi, ya gaya musu kunya ce ta sa na rikice a Sandamu. Daga Katsina yake, bai biya gida ba, amma ya san yau Hajiya sai ta kwana tana sa min albarka. Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafi, zuciyata fes.

Sai ya yi dariya ya ce abin ma ya ba shi mamaki da ta roƙa, don Hajiya tsoron ƙwayar Bature take yi tun abin da ya same ta. Na ce me ya same ta? Ya ce shekarun baya ta yi zazzaɓi, aka sayo mata maganin maleriyar nan mai ƙwaya uku da ake haɗiyewa lokaci ɗaya. Kafin a ankara leɓɓanta sun kumbura, bakin ya yi gyambo, fatar jikinta ta riƙa saluɓewa kamar wadda ruwan zafi ya ƙona. Ta daɗe a gadon asibiti, har an fara fid da rai.

Ya ce, "Ni ina Damagaram lokacin, Siddiƙa ce ta yi jinyarta. Wai akwai wani abu a ciki da jininta ba ya so. Salfa, ko me suka ce."

Tambayar farko da likita ta yi min ke nan, kafin ma ta ɗauki biro. Ta ce ko na taɓa shan maganin da ke da salfa ya fito min da ƙuraje ko ya kumbura min baki, har ta ba ni misali da wannan mai ƙwaya ukun. Ta ce in har ya taɓa, wannan ba nawa ba ne, zai iya kai mutum kabari.

Na ce, "Kira Hajiya. Yanzu. Ka ce kada ta sha."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Ya kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ya ce a caji take barin wayar a ɗaki. Na kira Anti Haulatu da tawa wayar. Ta ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, ta ce ai tun kafin azahar ta kai, Hajiya ta yi murna har ta ba ta ƙwaryar ƙwan zabi, ta ce da ta ci abincin rana za ta fara. Na kalli inuwar da ta riga ta haye katangar maƙwabta.

Ikrima ya miƙe tsaye ya ce bari ya kira Siddiƙa. Bai nemi sunan ba, lambar ya danna da ka. Ku ji min hali, a wannan tashin hankalin ma sai da na lura da haka, sai da kuma ya soke ni. Na miƙa hannu na karɓe wayar, don ban yarda ya iya faɗin abin da sauri ba.

Bugu ɗaya ta ɗauka. "Yaya?" Muryar nan mai laushi.

Na ce, "Fadila ce. Maganin da na aiko, don Allah kada Hajiya ta sha. In ta sha, ku tafi asibiti yanzu, ku tafi da katin."

Na ji ƙarar labule, na ji tana tafiya, hayaniyar gidan tana yin nisa.

Ta ce, "Ba ta sha ba, Anti Fadila. Ni take ba duk wani magani in ɓallo mata. Na ga sunan a bayan katin, na duba a waya. Na ce mata a bari sai Yaya ya dawo."

Na zauna daɓas a kan tabarma. Na yi hamdala a zuciyata, ta gaskiya, har hawaye suka zubo. Amma tare da hamdalar sai wani tunani ya shigo min. Ni na aika abin da zai kashe masa uwa, ita ta tare. Ko a nan ma ta riga ni.

Na ce na gode, zan kashe. Ta ce in tsaya.

"Na karanta abin da ake ba da shi a kai. Na kuma tuna a Sandamu ba ki ci komai ba sai farar shinkafa." Ta ƙara rage murya. "Ba gwiwa ce kaɗai ba, ko?"

Na juya wa Ikrima baya.

Ta ce, "Ban faɗa wa kowa ba. Amma Gwaggo Yelwa za ta tambaye ni dalilin da na hana ta, in Yaya ya ji kuma, gobe zai kai ta asibiti da katin a hannunsa. Ni ba zan yi musu ƙarya ba. Gara ya ji daga bakinki."

Babu gori a muryarta, ko kaɗan. Na nema, wallahi na nema, don in samu abin riƙewa, ban samu ba. Ta yi sallama ta kashe.

Ikrima na tsaye a kaina, makullin mota a hannu, ya riga ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ba ta sha ba. Siddiƙa ta hana."

Ya sauke numfashi, ya shafa fuska da tafin hannu biyu. Ya yi murmushin da rabon da ya yi min irinsa tun kafin sunan Sandamu, ya ce, "Siddiƙa ke nan. Allah Ya yi mata albarka." Ya sunkuya zai sa ɗaya takalmin, ya ce bari dai ya je ya gan ta da idonsa.

Ta cikin gida ina jiyo Umma tana kwashe tuwo, tana ce wa yara su yi a hankali akwai baƙo a zaure. Na san in na buɗe baki ba za ta yafe min da wuri ba. Na kuma san in na bari ya taka ƙofar nan, a Mai'adua zai ji, Siddiƙa na zaune a gefe. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, Malam nake cewa.

Na ce, "Ikrima, zauna. Ciwon da nake sha wa maganin nan ba a gwiwa yake ba, kuma ba ya warkewa."

Ya tsaya a sunkuye, takalmin a hannunsa. Bai sa ba, bai kuma ajiye ba.